Gayya a Dajin Malam

Unguwar Ɗinya, Ɗanbatta
9 ga Fabrairu

Zuwa ga uwargidana Tahira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da yara, da wannan ɗan ƙwacen da ya raba ni da ke ya kai ki Lokoja. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da kunne da ido, wato dai duk abin da ake amfani da shi.

'Yata Kaltume ta zo daga Ungogo ranar Juma'a, ta ɗora bakinta a kunnena ta kwarara min saƙonki, wai kin samo min layin aikin ido a Kano bayan salla. Na ji. Tunda waya ta daina yi min amfani, ga takarda zan ba Uwaisu direban motar shanu, shi da yake wucewa ta ƙofar asibitinku in zai gangara kudu. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen, da su kaɗai nake ganin abin da hannuna ya rubuta.

Ke jikar yayata ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ba zan je ba. Watan da kika zaɓa watan sharar gona ne, ni kuwa a watan shara ko kasuwa ba na zuwa.

Rabonki da garin nan shekara tara, don haka bari in tuna miki. Ƙasan gonata, wajen tsohon kwari, akwai inda na bari ban noma ba tun shekarar da na ajiye alli, yau shekara goma sha huɗu. Abin da ya sa ni, a daminar wannan shekarar da na ajiye alli kabewata ta yi fure har ta gaji, ba ta ɗaura ko ɗa ɗaya ba. Na zauna na zuba mata ido kwana uku, ban ga ƙudan zuma ko guda ya sauka a kanta ba. To ina za su zauna? Daga nan har Ɗanbatta gona ta haɗe da gona, an nome har bakin kwalta, kowa da tankin feshi a bayansa. Sai na hau keke na shiga yawon neman iri. Ɗinya da taura daga wajen Kazaure na ɗauko su, aduwa da magarya daga cikin kashin awaki na tsince su, sabara da kalgo da geza kuwa da kansu suka tsiro da suka ga an ƙyale su. Rani uku ina ɗaukar jarka a kafaɗa ina ba su ruwa.

Yanzu in kika shiga sai kin sunkuya. Amya uku na rataya, duk zuma ta shiga. Tsuntsaye kuwa, ko ni kurma nakan ji su da hantsi. Akwai bushiya, akwai hawainiya, akwai malam-buɗe-littafi irin wanda rabona da shi tun ina ɗan firamare. Waken maƙwabtana da riɗinsu sun fi na kowa ɗaurawa a yankin nan, amma je ki faɗa musu dalili ki ji dariya.

Dajin Malam suke ce masa, kuma ba yabo ba ne. A wurinsu manomin da ya bar sabara ta kai kafaɗa a gonarsa, ko rago ne ko ya fara zautuwa. Hashimu sarkin noma, wanda muka haɗa iyaka da shi, mutumin kirki ne wallahi, amma bai taɓa wucewa bai tsaya ya girgiza kai ba, kamar wanzami ya hangi ƙeya da suma. A watan shara kowa da adda da ashana yake yawo. Shi ya sa nake kai tabarmata can in wuni.

Ki ba wani layin. Ido ya jira damina ta faɗi.

Mijinki na fari,
Usaini

Lokoja
6 ga Maris

Zuwa ga Kaka Malam,

Wa alaikumus salam. Ya ibada, ya ƙishirwa? Yara suna gaishe ka, ɗan ƙwacen ma yana gaishe ka, ya ce in kana son kayanka ka zo ka ɗauka, shi ma ya gaji. Mu nan zafi kamar a tukunya, ga aiki ya yi mana yawa, mu uku muke riƙe da ɗakin da ya kamata mutum bakwai su riƙe.

Haba Kaka! Wata biyar na yi ina bibiyar layin nan, ina roƙon wannan ina kiran wancan, ka ce in ba wani? Yanar da ke idonka ba ta san damina ba. Ta rufe na hagu, tana cin na dama. Kuma kada ka ɗauka ban ji ba, Anti Kaltume ta gaya min ka faɗa ramin bulo a hanyar masallaci, ka ce kada a faɗa min. Wannan karon gwiwa ka goge. In ƙugu ne fa?

Gaskiya na gaji. Kullum ina ɗiga wa tsofaffin wasu magani a ido, ina riƙe hannunsu ina kai su bakin ƙofa, nawa tsohon yana can yana lalube a kan hanya saboda taurin kai. Kai ka koya min rubutu a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanka, ba zan zauna ina kallo ka daina ganin rubutu ba.

Abin ba wuya. Ranar takwas ga Afrilu a yi ido ɗaya, bayan mako a yi ɗayan, sai ka zauna a Ungogo wajen Anti Kaltume wata guda, nesa da hayaƙi da ƙasa. Shi ke nan.

Na karanta takardarka sau biyu, na kuma gane abin da ke damunka, watan shara zai wuce ba ka gida. Maganar gona ka bar min ita, na san abin da zan yi. Kai dai ka haɗa kayanka.

Taka,
Tahira

Unguwar Ɗinya
24 ga Maris

Uwargida,

Ina gaisuwa, ya ibada? Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya. Gwiwa da sauƙi. Kaltume kuwa bakinta ba ya riƙe ruwa, zan gamu da ita.

To, kin ci. Zan je. Ba faɗanki ne ya karya ni ba, kada ki yi ta fankama. Shekaranjiya ina zaune a dajin, magarya tana ta kiɗa da ƙudan zuma a saman kaina, wani abu ya gifta ta gaban ƙafata, ban san ko ɓera ne ko maciji ko ganye ba. Sai na ce wa kaina, Usaini, wane irin mai gadi ne kai? Abin da kake gadi ma ba ka ganinsa.

Na yi abin da zan iya. Kwana shida ina jan fartanya da azumi a bakina, na share hanya mai faɗin taku huɗu na zagaye dajin, don ko wuta ta taso daga maƙwabta ta tsaya nan. Na ce wa Hashimu in zai ƙona nasa ya duba iska. Iyakar abin da na ce masa ke nan, kuma da gangan. In na ce masa ya kula min da wurin, to na ba shi izini.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maganar nan taki, wai kin san abin da za ki yi, ta hana ni sakat. Ba ki fahimce ni ba, yarinya. Ba rashin shara nake tsoro ba, shara nake tsoro. Saman gona karan bara ne kawai, in na dawo kwana biyu ya ishe ni, gero bai taɓa fushi don an makara da tsintar kara ba. Kada ki yi komai. Kada ki roƙi kowa ya taimake ni. Ke kin tashi a birni, ba ki san mutanenmu ba. In suka tashi yi wa mutum alheri ba sa tambayarsa, kuma ba sa barin aiki rabi.

Ki amsa min a kan wannan kafin in tafi, hankalina ya kwanta. Zan ba Uwaisu takardar gobe, ya ce yana da lodi kafin salla.

Naki,
Usaini

Lokoja
18 ga Afrilu

Kaka Malam, ango mai sabon ido,

Alhamdu lillahi! Barka, barka da arziki. Anti Kaltume ta kira ni tana dariya tana kuka, wai da aka cire maka bandejin farko ka dube ta ka ce ashe ita ma ta tsufa. Likita ya ce na biyun ma ya yi kyau. Ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, kada ka sunkuya, kada ka murza, kada ka yi musu.

Shiru ban ga amsar takardata ba, Uwaisu ma ban sa shi a ido ba tun kafin salla. Na ce ko fushi kake don na fi ka gaskiya.

Wannan takardar wata abokiyar aikina ce za ta kawo Kano. Na ce a ajiye maka ita a rufe har sai ka iya karantawa da kanka, don albishir ne, ko Anti Kaltume ban gaya wa ba. Na samo lambar Baba Hashimu na kira shi. Na ce masa Malam yana kwance, ga shara ta zo, ba shi da ɗa namiji a gida, ko za a taimaka a kira masa gayya. Wallahi Kaka, ban rufe baki ba ya ce, «'Yata, kin riga mu ne kawai. Rabin garin nan Malam ne ya koya musu karatu. Dama kunya muke ji.» Na ji daɗi ƙwarai. Matarsa Inna Hafsatu za ta tara mata a yi tuwo da fura, ni na ɗauki nauyin cefane da goro. Gobe Asabar za su fita.

Ka ga sai ka kwanta ka huta. Ka koma gida ka tarar da gonarka fes, ba abin da ya rage maka sai jiran ruwa. Ni ma yau na ji wani nauyi ya sauka daga kaina.

Taka,
Tahira

Lokoja
23 ga Afrilu

Kaka,

Ina fata jiki da sauƙi. Ban san ta inda zan fara ba.

Yau da rana Uwaisu ya zo. Motarsa ce ta lalace a hanya kafin salla, ta yi kusan wata a gareji, takardarka ta ashirin da huɗu ga Maris tana cikin aljihun motar duk tsawon lokacin nan. A tsaye na karanta ta a bakin get. Da na zo inda ka ce ba rashin shara kake tsoro ba, sai na zaro wayata.

Nan take na kira Baba Hashimu. Ya ɗauka da murna, bai ma bari na yi tambaya ba. Ya ce, «Ai 'yata an yi aiki! Mutum arba'in da ɗaya. Saman gona kafin hantsi mun gama, sai muka gangara ƙasa. Mun fitar da Malam kunya, har saiwa muka bi.» Na ce, Baba, har dajin? Ya ce, «To dama ina aikin yake in ba can ba?» Yana ta sa min albarka, ni kuwa sai amin nake cewa.

Wallahi tallahi ban ce a taɓa wurin ba. Amma ban ce kada a taɓa ba. A raina karan gero ne kawai za a tattara, na ɗauka kowa ya san dajin naka ne, da niyya ka bar shi. Ka rubuta min komai dalla-dalla a takardarka ta farko, yadda Baba Hashimu yake girgiza kai, yadda kake kai tabarma, na karanta sau biyu ina tunanin ido kawai. Laifina ne, ba na Uwaisu ba, ba na kowa ba.

Ka yafe min. Zan nemi hutu in zo da farkon damina. Akwai masu rainon itatuwa a Kano, zan sa a nemo ɗinya da aduwa da duk abin da ka lissafa, in sa a haƙa, in sa a riƙa ban ruwa. Ka faɗa min abin da zan kawo.

Tahira

Lokoja
21 ga Mayu

Kaka Malam,

Ina gaisuwa. Anti Kaltume ta ce ka koma gida tun goma ga wata, ido lafiya, kana cin abinci. Sau biyu Uwaisu yana wucewa, ina fita da gudu, yana buɗe min hannu babu komai. Ya ce ya same ka a ƙofar gida, ka ce a gaishe ni.

Ka rubuto ko zagi ne. Ba na iya aiki yadda ya kamata, jiya sai da sista ta yi min magana.

Tahira

Unguwar Ɗinya
20 ga Yuni

Tahira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, an yi salla lafiya. Ido ya buɗe sarai, kin ga ma rubutun ya ƙanƙance. Ina karanta Alƙur'anina ba tare da gilashi ba, ina gane mutum tun daga bakin rijiya. Aikin ya yi kyau.

Takardunki biyu rana ɗaya na karanta su a Ungogo, ta albishir da ta bayanta. Don haka na dawo da sanin abin da zan tarar. Na ɗauka sanin zai rage min wani abu, bai rage ba.

Ban ko sha ruwa ba Hashimu ya iso, da tsumma ɗaure a hannunsa na hagu. Adda ce ta sare shi ranar gayyar, har yau yatsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Da wannan hannun ya kama nawa, ya ce sai ya kai ni da kansa. Mutane suka biyo mu, har da waɗanda na yi wa bulala a aji uku, yanzu da furfurarsu. Muka gangara.

Tahira, daga saman gonata yanzu ana hango kwalta. Sun sare sabara da kalgo da geza da magarya, sun bi saiwa da diga sun tumɓuke, don kada su sake tsirowa su wahalar da ni. Sun bar itace biyar da suka ga sun isa a kira su itace, aduwa uku da ɗinya biyu, suka yi musu aski har ƙoƙo. Sauran suka tara suka cinna wuta, zafin ya dafa ɗinyar duka biyu, ɓawonsu yana ɓarewa a hannu. Amya kuwa sun sauke, sun kore zumar da hayaƙi, sun tace min abin da ke ciki a bokiti, ko lasa ba wanda ya yi. Manyan rassa an faskare an jera min a ƙofar gida. Aiki ne na tsakani da Allah, ban taɓa ganin gayyar da aka yi da zuciya ɗaya kamarta ba.

Hashimu yana nuna min yana cewa, «Malam, dubi ƙasar nan, baƙa wuluk! Shekara goma sha huɗu tana hutawa. Bana sai ka rasa inda za ka zuba gero.» Ni kuwa ina kallon toka. Da sabon idon nan ba abin da ya ɓoye min. Na ga ƙayar bushiya a ƙone, guda uku a wuri ɗaya, babba da ƙanana. Na sa ƙafa na rufe su da ƙasa kafin wani ya lura. Duk suka zuba min ido suna jiran abin da zan ce, fuskokinsu cike da murna. Na ce, madalla, Allah ya yi albarka. Suka ce amin.

Washegari da hantsi na koma ni kaɗai. Wata fakara tana tsaye a tsakiyar filin, tana 'yan taku tana tsayawa. Ashe har fakara ta zauna a dajin nan ban sani ba, rabon da a ga irinta a garin nan an fi shekara ashirin. Kwana uku tana zuwa, daga nan ban ƙara ganinta ba.

Kin ce in faɗi abin da za ki kawo. Kada ki kawo komai. Na auna maganar nan wata guda, shi ya sa kika ji ni shiru. In na dasa ko sabara ɗaya a wurin nan, na ce wa mutum arba'in da ɗaya zufarsu ɓarna ce, na ce wa Hashimu yatsunsa a banza suka tafi. Da su nake sahu, su za su ɗauke ni ranar da ta zo. Ban da haka ma, shekarata saba'in da uku, kafaɗar da ta yi rani uku tana ɗaukar jarka ba ita ce a jikina yanzu ba. Ruwa ya sauka ranar Talata. Laraba na shuka gero a wurin, da irin da Hashimu ya ba ni.

Ba fushi nake da ke ba, kada ki sa wa ranki wannan har ki ɓata aikinki. Baƙin ciki ne, yana nan, kuma na gaji. Abin da ya fi gajiyar da ni ba filin ba ne. Kin san in an yi wa mutum gayya ba ya nan, sai ya taka da ƙafarsa ya bi gida gida. Kwana tara na yi ina yi. In yi sallama, a shimfiɗa min tabarma, a ba ni labarin wanda ya fi kowa sara, in yi dariya, in yi godiya, in tashi in shiga na gaba. Gida arba'in da ɗaya, da na matan da suka yi tuwo, ban tsallake ko ɗaya ba.

Ke kaɗai kika rage, ke da kika kira gayyar, kuma ƙafata ba za ta kai Lokoja ba. To, na gode, Tahira. Allah ya saka miki da alheri.

Usaini